Zanen ƙarshen sararin samaniya a takarda mita ɗaya: inda aikin ya kai

5 ga Janairu

Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato zana layin lokaci guda ɗaya a doguwar takarda tun daga farkon sararin samaniya har zuwa abinda masana fiziks ke kira mutuwar zafi, dan ɗalibaina su gani da idonsu maimakon in riƙa jera musu sifirai a allo suna gyaɗa kai. Matsalar farko ma'auni ce. Shekarun sararin samaniya yanzu biliyan 13.8 ne, amma abubuwan da nake son sakawa suna kaiwa har shekara 10^100, wato 1 da sifiri 100 biye da shi, kuma babu takardar da zata ɗauki wannan in za'a bi shi shekara-shekara. To abinda na yanke shine duk santimita ɗaya yana nufin an ninka lokacin sau 10. Santimita 1 shekara 10, santimita 2 shekara 100, santimita 6 miliyan, santimita 9 biliyan, haka haka har ƙarshe. Da wannan mita ɗaya ta isa.

Na sa alamomi uku na farko. Tsohon hasken nan da ya cika ko'ina, wanda Penzias da Wilson suka sanar da ganowa a 1965, ya samu hanyar wucewa ne sanda sararin ke da shekara kusan 380,000, ya faɗo a santimita 5.6. Taurarin farko wajejen 8. Yau kuma 10.1. Sauran santimita 90 ɗin fari fat suke, kuma su ne aikin.

9 ga Janairu

Ban ƙara ko layi ɗaya ba, na zauna ne na rubuta bayanin da zai hau saman takardar, dan in ba'a gane shi ba sauran duk jerin lambobi ne kawai.

Duk injin da ka sani, da guguwa, da ganyen da ke girma, da jikinka kansa, suna aiki ne saboda wani wuri ya fi wani zafi. Sadi Carnot na Faransa tun 1824 ya kwatanta abin da ruwan da ke gangarowa daga tudu yana juya inji, ranar da sama da ƙasa suka daidaita ruwan na nan ko ɗigo bai ragu ba amma fa ba abinda zai ƙara juyawa. Zafi ma haka, daga mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi, baya komawa da kansa, kuma a kan hanyar tasa ne ake samun aiki. A 1852 William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya rubuta cewa makamashi a ko'ina watsewa yake yi a hankali ta yanda ba za'a iya tattaro shi ba. Helmholtz a 1854 ya ja maganar har ƙarshenta, yace in haka ne to wata rana komai zai tsaya. Clausius a 1865 ya ba abin ma'auni, entirofi, wato awon yanda makamashi ya watse, yace makamashin duniya baya ƙaruwa baya raguwa amma entirofinta hawa yake yi har ya kai ƙololuwa.

Misalin da yafi kama ni shine na ƙasarmu da rana. Mutane na ɗauka muna tara makamashin rana ne, alhali kusan duk abinda ya shigo da rana yana fita, in ba haka ba da tuni mun soye. Bambancin yana cikin irin hasken. Wanda ya shigo daga fuskar rana yake mai zafin digiri wajen 5,500, wanda ya fita kuma ƙasa ce ke fitar dashi a matsayin abu mai sanyin kusan digiri 18 ƙasa da sifiri, shiyasa duk ƙwayar haske ɗaya mai ƙarfi da ta shigo sai wajen 20 raunana su fita a madadinta. Ruwan sama, iska, shuka, tunanin da kake yi yanzu, duk a tsakanin wannan ɗaya da ashirin ɗin suke rayuwa. Muna buƙatar rana mai zafi, kuma muna buƙatar baƙin sama mai sanyi da zamu zubar da abinda muka gama amfani dashi. Mutuwar zafi ita ce ranar da wannan tazarar ta rufe a ko'ina. Abinda zai ƙare shine bambanci, kuma wannan jimlar na rubuta da manyan baƙi a sama.

18 ga Janairu

Tsakanin 10 da 14 ya cunkushe sosai, sai na ƙara wata takarda a gefe na faɗaɗa wurin.

Rana shekarunta biliyan 4.6, nan da kusan biliyan 5 haidirojin ɗin cikinta zai ƙare ta kumbura tayi ja, daga baya ta zubar da fatarta ta bar farin wada, dunƙule mai girman ƙasarmu. Da na auna, tsakanin yau da wannan ranar bai kai milimita 2 ba a takardar, bakin alƙalamin ma ya kusa cinye shi.

A 11, wato shekara biliyan 100, akwai abinda ya tsaya min a rai. Tunda a 1998 ƙungiyoyi biyu, ta Perlmutter da ta Schmidt da Riess, suka gano faɗaɗar sararin samaniya ƙara gudu take yi, lissafi ya nuna duk galaksin (manyan tarin taurari) da girabiti, wato ƙarfin da ke jan abubuwa masu nauyi zuwa juna, bai ɗaure su da mu ba zasu yi nisan da haskensu ba zai ƙara isowa ba. Krauss da Scherrer sunyi rubutu akan haka a 2007. Duk wani mai hankali da zai ɗaga na'urar hangen nesa a lokacin, tarin taurari ɗaya tal zai gani da duhu kewaye dashi, zai yi aikinsa da gaskiya da kyau kuma ya kai ga amsar da ba daidai ba, saboda shaidar ta riga ta wuce. Gaskiya wannan yana sa ni ganin darajar zamanin da muke ciki, ana iya karanta tarihin sama yanzu dan shafukan basu rufe ba tukuna.

Haihuwar taurari ma ta riga ta wuce ganiyarta, wajen shekara biliyan 10 baya aka fi yinsu, yanzu yawan ya faɗi kusan ninki goma. Masu jan zango sune ƙananan jajayen wadanni irin Proxima Centauri, maƙwabciyarmu mafi kusa, suna ƙona mansu a hankali kuma suna juya cikinsu gaba ɗaya ta yanda kusan duk haidirojin ɗin zai shiga wuta, mafi ƙanƙantarsu na iya kaiwa shekara tiriliyan 10. Ko ɗaya cikinsu bai taɓa mutuwa da tsufa ba tunda aka fara. Na ja layin ƙarshen zamanin taurari a 14, shekara tiriliyan 100, kamar yanda Fred Adams da Gregory Laughlin suka raba zamunan a 1997.

20 ga Janairu

Gargaɗi ɗaya dole ya hau takardar da jan alƙalami. Ido zai ga taurari sun ci daga 8 zuwa 14, santimita 6 cikin 100, yace ai ba laifi. Wannan ma'aunin yana yaudara. Kowane santimita sabo ya ninka duk abinda ya gabace shi a haɗe sau 9. Daga 14 zuwa 15 kaɗai ya fi dukkan zamanin haske tsawo sau 9, daga 15 zuwa 16 kuma sau 90. In aka auna da gaske, zamanin taurari gaba ɗaya kashi 1 ne cikin 10^86 na abinda ke kan takardar. Na rubuta lambar, dukda nasan ba kan da zai riƙe ta.

2 ga Fabrairu

Wata ɗaliba ta tsayar dani da tambayar da ta canza tsarin aikin. Tace Malam, ka ce ƙarshe shine komai ya zama zafi ɗaya, kuma ka ce a 5.6 ɗin can ko'ina zafi ɗaya ne, bambancin bai wuce kashi 1 cikin 100,000 ba, to ashe ba a mace aka fara ba kenan?

Wallahi tambaya ce ta gaske, kuma amsar girabiti ce. Iskar da ke cikin ɗaki in ka barta bazuwa take yi, bazuwar ce ƙarshenta. Amma iska mai yawan da girabitinta ke aiki a kanta, in ka barta dunƙulewa take yi, tana dunƙulewa tana zafi tana fitar da haske, kuma in ka haɗa dunƙulen da hasken da ya fita entirofin ya ƙaru. Kenan ga girabiti, shimfiɗaɗɗen abu sumul shine farkon hanya, cike yake da damar faɗawa, ƙarshen hanyar kuma baƙin rami ne, wurin da girabiti ya yi ƙarfin da ko haske baya iya kuɓucewa. Bekenstein a farkon shekarun 1970 ya nuna baƙin rami nada entirofi gwargwadon faɗin bakinsa, kuma mai yawan gaske, har yanzu haka mafi yawan entirofin sararin da muke iya gani yana cikin manyan baƙaƙen ramuka ne. Roger Penrose ya daɗe yana nanata cewa abin mamakin shine me yasa farkon ya kasance sumul haka, kuma masana na kan wannan muhawarar.

Na ƙara layi na biyu a ƙasan na farko, mai nuna inda mafi yawan entirofi yake a kowane zamani. Nace mata ta rubuta tambayar da hannunta a gefen 5.6, ta rubuta.

15 ga Fabrairu

Wannan sashen, 14 zuwa 40, shine wanda ya fi shafar makomar abu mai jiki, kuma a nan takardar ta rabu biyu.

Bayan taurari sun mutu abinda ya rage gawarwaki ne. Kusan kashi 97 cikin 100 na taurarin galaksinmu farin wada zasu zama, 'yan kaɗan tauraron niyutiron (ƙaramin dunƙule mai tsananin matsi) ko baƙin rami, sai kuma wadannin da tun farko basu kai nauyin kama wuta ba, da duniyoyi da duwatsu. Farin wada baya ƙona komai, tsohon zafinsa yake saki har ya yi baƙi ƙirin, abinda ke ɗaukar wajen shekara 10^15, shiyasa ko ɗaya babu a sama yanzu. Jefi-jefi wadanni biyu marasa wuta zasu yi karo su haɗu su kunna sabon ƙaramin tauraro, 'yan tsiraru a galaksi guda. Sannan galaksin kanta zata watse, duk sanda gawa biyu suka gifta kusa da juna ɗaya na ƙwace gudun ɗaya, a hankali mafi yawansu su samu gudun tserewa su fice, ragowar su zurma cikin babban ramin tsakiya. Wannan wajejen 19 zuwa 20.

Daga nan komai ya rataya akan tambaya ɗaya, shin furoton, ɗaya daga ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra (ɗan ƙanƙanin da aka gina komai dashi), yana ruɓewa? Niyutiron, abokin zamansa a can, in ya fita daga cikin ƙwayar zarra minti 15 kacal yake yi a matsakaici, furoton kuwa ba'a taɓa ganin ya lalace ba. A 1974 Georgi da Glashow suka kawo ra'ayin haɗe ƙarfafan halitta wanda yace dole ya lalace, tsarinsu mafi sauƙi ya ba shi wajen shekara 10^30 zuwa 10^31, gwaji ya riga ya kore wannan. Yanda ake gwajin yana burge ni matuƙa, tunda ba wanda zai jira furoton ɗaya shekara 10^34 sai a tara furoton 10^34 a zuba musu ido shekara ɗaya. Abinda Super-Kamiokande ke yi kenan a Japan tun 1996, tankin ruwa tsarkakakke tan 50,000, mita 1,000 a ƙarƙashin dutse, da idanun gilashi sama da 11,000 a bangonsa suna jiran walƙiya ɗaya. Har yau shiru, kuma shirun ne ya nuna cewa ta hanyar da aka fi zato furoton ya wuce shekara 10^34. Wanda ya gabace shi, Kamiokande, shima ruɓewar furoton aka gina shi ya kama, sai ya ƙare da kama niyutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ratsa kusan komai, daga tauraron da ya fashe a 1987, aikin da ya kai Masatoshi Koshiba ga kyautar Nobel a 2002. Ana kan gina Hyper-Kamiokande wanda ya ninka Super-Kamiokande girma.

Reshe na sama: furoton yana ruɓewa. To duk dutse, duk ƙarfe, duk gawar tauraro zata narke a hankali zuwa haske da ƙananan ƙwayoyi. Adams da Laughlin sun lissafa cewa in rayuwarsa ta kai wajen 10^37, baƙin wada guda zai riƙa fitar da kusan wat 400 daga wannan ruɓewar, abu mai nauyin kusan rana guda kenan fa. Wajejen 40 babu sauran ƙwayar zarra.

Reshe na ƙasa: baya ruɓewa. A nan lissafin Freeman Dyson na 1979 ya shigo. Saboda ƙwayoyi na iya tsallake shingen da a ido basu da ƙarfin tsallakewa, in aka ba su lokaci, a shekara 10^65 duk wani abu mai tauri zai sake zama kaman ruwa ya dunƙule. A 10^1500 kuma ƙananan ƙwayoyin zarra sun haɗe, manya sun farfashe, komai ya koma baƙin ƙarfe. Wannan alamar a ma'aunina mita 15 take daga farkon takardar, dan haka kibiya kawai na ja a bakin na rubuta nisan.

Ni dai reshen sama yafi kama hankalina, dalili kuwa mu kanmu. Abu ya fi kishiyarsa, wato irin ƙwayoyin da in suka haɗu da na abu sai su shafe juna, yawa a sararin nan, wanda ke nuna a farko akwai wata hanya da ta karya dokar kiyaye adadin irin su furoton, kuma hanyar da ta iya ƙarawa da wuya ace bata iya ragewa. Amma ra'ayi ne, na bar rassan biyu da kauri ɗaya.

1 ga Maris

Baƙaƙen ramuka, 40 zuwa 100. Fiye da rabin takardar, kuma rubutun da ke ciki bai cika tafin hannu ba.

Na yi lissafin a kwamfuta da dokar Hawking ta 1974. Baƙin rami nada zafi, dan haka yana fitar da ɗan haske wanda zai iya ƙafar dashi a hankali, kuma yana ƙara nauyi yana ƙara sanyi. Mai nauyin rana ɗaya zafinsa kashi 60 cikin biliyan na digiri ɗaya ne sama da cikakken sifiri, wato iyakar sanyin da ba'a wucewa, tsohon hasken da ya cika sama kuma yana 2.7 a ma'aunin Kelbin mai farawa daga wannan sifirin, kenan yau sama ta fi ramukan zafi nesa ba kusa ba, ci suke yi ba ragewa ba. Sai hasken ya huce tukuna. In faɗaɗar ta cigaba yanda take, zafinsa zai riƙa rabewa biyu duk shekara biliyan 12 ko kusa, na lissafa sau 25 da ɗan ɗori ake buƙata, wajen shekara biliyan 300 kenan kafin rami mai nauyin rana ya fi kewayensa ɗumi.

Lokacin ƙafewa yana bin nauyi ninki uku, wato ka ninka nauyin sau 10 lokacin ya ninku sau 1,000. Mai nauyin rana ɗaya, 10^67. Na tsakiyar galaksinmu mai nauyin rana miliyan 4, wajen 10^87. Na galaksin M87 da aka fitar da hotonsa a 2019, mai nauyin rana biliyan 6.5, tsakanin 96 da 97, kuma wannan da nauyinsu na yau ne, kafin nan sun ƙara ci. Mafi girma su kai 100.

Abinda na fi so a nan shine ƙarshen kowannensu. Yana raguwa yana ƙara zafi, yana ƙara zafi yana ƙara saurin raguwa, har a daƙiƙar ƙarshe tan 200 da wani abu su koma haske da ƙwayoyi gaba ɗaya. Duk wani abu da ya taɓa faɗawa ciki ta wannan hanyar zai fito. Ko bayanin abinda ya faɗa ɗin yana fitowa tare dashi, wannan rigima ce da ake yi tun 1976.

14 ga Maris

Bayan 100 na bar wurin ba zane. Abinda ya rage haske ne da faɗaɗa ta miƙe shi har ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, da niyutirino, da ilektiron da kishiyarsa can da can, da ɓoyayyen abun nan mai nauyi, wanda ba'a gani sai ta girabitinsa, in shima baya ruɓewa. Nisan da ke tsakaninsu na ƙaruwa har kowace ƙwaya ta zama ita kaɗai a iyakar inda haske zai iya iso mata. Zafin ma bazai kai sifiri cif ba, lissafin Gibbons da Hawking na 1977 ya nuna sarari mai irin wannan faɗaɗar nada ɗan zafin kansa, wajen 10^-30 na Kelbin, wato kashi 1 cikin 10^30 na digiri ɗaya. In komai ya sauka nan, babu wurin da ya fi wani.

Na yanke shawarar raba takardar da launi gwargwadon ƙarfin shaida. Tawada baƙa ga abinda ake ganin irinsa a sama yanzu, kaman mutuwar taurari irin rana da sanyin fararen wadanni. Shuɗi ga abinda ya fito daga dokokin da aka gwada amma ba'a ga faruwarsa ba, irin watsewar galaksi da hasken Hawking. Fensir ga wanda ya dogara da abinda ba'a tabbatar ba. Da na gama sai naga daga wajen 20 zuwa gaba baƙar tawada babu ita kwata-kwata, kuma ina son ɗaliban su ga haka ƙarara, dan kar su ɗauki zanen kaman jadawalin da aka riga aka buga.

Babban fensir ɗin shine ɓoyayyen makamashin da ke tura faɗaɗar, kusan kashi 68 cikin 100 na duk abinda ke akwai, sauran 27 ɓoyayyen abu, mu da taurari 5. Duk zanen ya ɗauka ƙarfinsa baya canzawa. Amma sakamakon da ƙungiyar binciken DESI ta fitar a 2024 da Maris 2025, daga na'urar da ke Kitt Peak a Arizona ta Amurka, ya nuna alamar kaman yana raguwa, dukda bai kai matakin da ake cewa an tabbatar ba. In raguwa yake, alamar 11 da wancan ɗan zafin na ƙarshe zasu motsa. In ƙaruwa yake, lissafin Caldwell da abokan aikinsa na 2003 ne zai hau, inda faɗaɗar zata yayyaga galaksi da taurari har ƙwayar zarra tun kafin a je ko'ina.

22 ga Maris

An manna takardar a bango. Saura abu biyu. Na farko reshe na uku da zai fito daga 10.1 ɗin kai tsaye dan wannan maganar ta ɓoyayyen makamashi, har yanzu ina neman yanda zan zana shi bai rufe sauran ba, inaga takarda mai shara-shara da za'a ɗora a ɗage zata yi. Na biyu, ɗaliban sun nemi su yi lissafin ramukan da kansu, kowa ya zaɓi nauyi ya nemo inda zai faɗo a layin, dan haka sati mai zuwa in sha Allah zamu fara da yanda ake ninka lambobi masu sifirai ta hanyar tara sifiran, sai mu shiga ninki ukun.